Albasata ta ruɓe a hanyar Mokwa, matar da ban sani ba ce ta tsaya mini

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar albasa ne a nan Sakkwato, shekarata 36, ina da mata da 'ya'ya huɗu. A daminar da ta wuce na yi lodin buhu 140 zuwa Legas. Rabin kayan bashi ne daga wani Alhaji mai ajiyar albasa a wajen Goronyo, sauran kuwa jarina ne da kuɗin da maiɗakina ta ba ni bayan ta sayar da san da ta gada. Mun wuce Kwantagora, ba mu kai Mokwa ba, injin motar ya buga. Kwana shida muna bakin titi ruwa yana dukanmu. Na kira yayana da abokaina biyu masu hali. Yaya ya ce zai kira ni, har yau bai kira ba.

Wani mai shayi a ƙauyen ne ya shimfiɗa mini tabarma a rumfarsa, ya ciyar da ni duk kwanakin nan, ya ƙi karɓar ko sisi. A rana ta biyar wata Bayarabiya 'yar kasuwa, Kirista, ta tsaya ta same ni ina tsince mai kyau daga ruɓaɓɓiya. Ta saye buhu 19 da suka tsira a farashin kaya lafiyayyu, ta ƙara mini kuɗin mota. Yanzu sau biyu tana kirana, wai in yarda ta turo kuɗin buhu 30 tun kafin in aika mata da kaya.

Malam, wata biyu ke nan ban leƙa kasuwa ba. Wayata kusan kullum a kashe take. Na canza masallaci don kada in haɗu da yaron Alhaji. Maiɗakina kuma na ce mata kuɗinta suna hannun mutane. Ba na barci. Ina sallah, ina fitar da zakka, ban taɓa cusa ruɓaɓɓiya a tsakiyar buhu ba, to me na yi wa Allah? Kuma yaya zan karɓi kuɗin matar da sau ɗaya na taɓa gani, alhali jinina ya juya mini baya? Kunya nake ji, kamar na zama maroƙi.

Daga wani ƙanenka, Sakkwato.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, Allah ya mayar maka da mafificin alheri, ya sanyaya maka zuciya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da buhun albasar da ruwa ya shiga ya san abin da ka gani. Daga wuya take fara laushi, sai ka ga baƙin ruwa yana tsiyaya daga gindin buhu, guda ɗaya ta kama goma da ke jikinta, warin kuma ya bi tufarka har gida. Kai kuwa kwana shida ka yi kana kallon jarinka da amanar mutane suna narkewa a ƙarƙashin tamfol, ba abin da za ka iya. Ba zan ce maka ƙaramin abu ne ba. Wanda ya ce maka ka manta kawai, bai taɓa zuba dukiyarsa a bayan mota ba.

Zan fara da tambayar da ta fi ci maka rai, me ka yi wa Allah. Ka buɗe Suratul Fajri, aya ta 15 da ta 16. Allah ya ba da labarin mutum: idan ya jarrabe shi da yalwa sai ya ce Ubangijina ya girmama ni, idan ya jarrabe shi da ƙuncin arziki sai ya ce Ubangijina ya wulaƙanta ni. Kalmar da ta biyo baya ita ce "kalla", wato a'a, ba haka ba ne. Ka lura duka biyun jarrabawa ya kira su. Shekarun da kake lodi kaya suna isa lafiya kana dawowa da riba, jarrabawa ce. Wannan ma ita ce, ta sake kama ne kawai. Sallarka da zakkarka ba yarjejeniya ba ce da aka ƙulla cewa injin mota ba zai buga ba. Da haka abin yake, da Annabawa ba su ga wahala ba, alhali Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya faɗa cewa su ne suka fi kowa shan jarrabawa, sannan waɗanda ke bi musu a daraja. Mu da muke zaune a garin nan ma muna da abin tunawa kusa da mu. Shehu Usmanu da jama'arsa sun bar Degel a 1804 suka yi hijira zuwa Gudu, suka sha yunwa da rashe-rashe a shekarun farko, sai a 1809 aka kafa wannan birni da kake kasuwanci a cikinsa. Ba wanda zai ce rashin ibada ne ya fitar da su daga gidajensu.

Akwai addu'ar da nake so ka riƙe, wadda Ummu Salama ta karɓo daga Annabi, tana cikin Sahihu Muslim: bayan ka yi "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un", ka ce "Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha", wato ya Allah ka ba ni lada a kan musibata, ka musanya mini da abin da ya fi ta. Ita ta faɗe ta ne da mijinta Abu Salama ya rasu, zuciyarta tana cewa wa zai fi Abu Salama. Ta dai faɗa duk da haka. Kai ma ka faɗa, ko da zuciyarka ba ta hango ta inda musanyar za ta ɓullo ba.

Sai dai ni da na karanta wasiƙarka sau biyu, na ga kamar ta fara ɓullowa tun kana bakin titi, kai ne ka kawar da kai. Kana jiran taimako ya shigo ta ƙofar yaya, sai ya shigo ta rumfar mai shayi. Allah ya ce a Suratuɗ Ɗalaƙ wanda ya ji tsoronsa zai sanya masa mafita, ya azurta shi ta inda ba ya zato. Mun haddace ayar, muna karanta ta, amma ranar da abin ya zo ta inda ba mu zata ba sai mu tsaya muna tambayarsa daga wane gida yake.

A 2010, shekarar da ambaliya ta cinye gadar hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo har mutane suka koma tsallakawa a kwalekwale, ruwa ya share gonar wani kawuna da rumbunansa biyu a fadamar Rima. Mutum ne da bai taɓa cin abin hannun wani ba, shi ke rabo in an yi girbi. Muka same shi a ajin wata makarantar firamare inda aka tsugunar da su, yana zaune kan benci da carbi, rigarsa ɗaya tilo tana shanye a taga. Muna nan wata tsohuwa da ba wanda ya san ta a cikinmu ta shigo, jikanta na biye da ita ɗauke da kwano uku na gero a ƙullin zane. Kawu ya ɗaga hannu ya ce a kai wa mabuƙata, shi Allah yake roƙo. Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, kai ne ka roƙi Allah, ni ko aike ni anka yi." Ta aje geron a gabansa ta juya. Na ga kawu ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya kira matarsa ya ce a daka a yi wa yara kunu. Har ya rasu bai san sunan matar nan ba, kuma ban taɓa jin ya shafa addu'a bai sa ta a ciki ba.

Kunyar da kake ji na san ta, tarbiyyarmu ce, kuma tana da kyau a muhallinta. Amma ka bambanta roƙo da karɓa. Maroƙi shi ne ya miƙa hannu. Kai kana durƙushe kana tsince albasa matar nan ta same ka. Sayyidina Umar ya ba da labarin cewa Annabi yakan ba shi kyauta sai ya ce a ba wanda ya fi shi buƙata. Annabi ya ce masa ya karɓa, domin abin da ya zo maka na dukiya ba ka sa rai ba kuma ba ka roƙa ba, ka karɓe shi, wanda bai zo ba kuwa kada ka bi shi da ranka. Buhari da Muslim duk sun kawo shi. Ka dubi yadda hadisin ya raba maka gardama gida biyu: farkonsa maganar Bayarabiyar nan ce, ƙarshensa maganar yayanka. Wata biyu ke nan ranka yana bin wayar da ba ta shigo ba.

Game da yaya, ba zan tsaya kare shi ba, bai kyauta ba. Ko ba shi da ko taro, kira ya ji lafiyarka bai fi ƙarfinsa ba. Amma ba ka san abin da ke cikin aljihunsa ranar ba, kuma sau da yawa wanda ya kasa taimako kunya ce ke hana shi sake kira, kamar yadda take hana ka kunna waya yanzu. Ka je ka gaishe shi ran Juma'a, kada ka ɗauko zancen. Zumunci ya fi buhu 140.

Batun cewa matar Kirista ce kuwa, kada ya tsaya maka a rai. Lokacin da Annabi ya dawo daga Ɗa'ifa, an jefe shi har ƙafafunsa sun yi jini, ga Abu Ɗalib da Nana Khadija sun rasu, wanda ya ba shi kariya ya shiga Makka shi ne Muɗ'im bin Adiyyi, mutumin da bai musulunta ba har ya mutu. Shi da 'ya'yansa suka ɗaura makamai suka raka shi. Annabi bai ƙi ba, bai kuma manta ba: bayan yaƙin Badar ya ce da Muɗ'im yana raye ya yi masa magana a kan fursunonin nan, da ya sake masa su. Ciniki da wanda ba Musulmi ba kuwa ba sabon abu ba ne, Annabi ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'irin da ya karɓo wa iyalinsa. Kai da kanka shekara nawa kana sayar wa mutanen Kudu albasa?

Abin da take nema ma ba sadaka ba ce. 'Yar kasuwa ce, ta ga mutumin da ke cikin asara amma bai cusa mata ruɓaɓɓiya a tsakiyar buhu ba, ta gane ta samu abokin hulɗa a garin da albasa take. Irin wannan ciniki na biyan kuɗi kafin kaya yana da suna a fiƙihu, salam ake ce masa. Annabi ya tarar da mutanen Madina suna yin sa, ya bar su a kai, da sharaɗin a san ma'auni, a san nauyi, a san ranar kawowa. To ku yi shi a kan haka. Ku faɗi girman buhu, da irin albasar, manya ko matsakaita, da ranar lodi, da wanda zai biya kuɗin mota da 'yan dako, da kuma wanda asara za ta hau in wani abu ya sake faruwa a hanya. Wannan na ƙarshen kada ka ji nauyin faɗarsa, kai ka fi kowa sanin dalili. Ku rubuta, ko a saƙon waya ne, ka sa shugabanninku na 'yan albasa su sani, su kuma tambayi Hausawan kasuwar da take su ji wace ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Idan 30 sun yi maka nauyi a zuciya, ka ce mata ku fara da 15.

Ga kashedi guda, kuma da babbar murya nake yin sa: ko naira ɗaya daga kuɗinta kada ta tafi wajen biyan tsohon bashi. Ranar da kuɗin suka shigo za ka ji kamar ka yanki wani abu ka kai wa Alhaji don ka samu fuskar shiga kasuwa. Nan ne mutanen kirki da yawa suka zame, suka tona sabon rami don su cike tsoho. Kuɗin albasarta ne, albasa za su saya. Ribarka kaɗai ce taka.

Yanzu sai inda na ga laifinka, kuma zan faɗa maka don ƙanena ne kai. Ruɓewar albasa ƙaddara ce. Kashe waya da canza masallaci kuwa aikinka ne. Duk kwanan da ka ƙara a ɓoye, Alhaji yana ƙara sauya maka suna a zuciyarsa, daga wanda ya yi asara zuwa wanda ya ci amana, kuma na biyun ya fi wuyar gogewa. Labarin motar ya riga ya isa gare shi, kasuwar albasa ba ta ɓoye irin wannan. Abin da bai sani ba shi ne niyyarka. Gobe bayan Asuba ka nemi dattijo ɗaya da ku biyun kuke jin nauyinsa, ku kama hanyar Goronyo. Ka tafi da lambar direban da duk hoton da ka ɗauka. Ka ce, "Alhaji, ga abin da ya faru, ga abin da ya rage a hannuna, kuɗinka suna wuyana, ina neman lokaci." Ka aje masa wani abu daga kuɗin buhu 19 ɗin nan, komai ƙanƙantarsa, kuma kada ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka don kawai a tashi daga zaman. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, shi ma Alhajin ya taɓa buɗe rudu, wato ma'ajiyar albasa, ya tarar da rabi ta lalace. Allah ya umarci mai bin bashi, a aya ta 280 ta Baƙara, ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Annabi kuma ya ce wanda ya karɓi dukiyar mutane yana nufin biya, Allah zai biya masa. Zai yiwu Alhaji ya yi faɗa. Ka bar shi ya yi, yana da hakki.

Maiɗakinka kuwa ita ta fi cancanta ka fara da ita, tun daren yau. San gadonta ne, abin da ya rage mata daga mahaifinta, kuma ka faɗa mata abin da ba haka yake ba. Ina kyautata zaton ta riga ta gane, matar da mijinta ke juyi a shimfiɗa har asuba ba sai an gaya mata ba. Jira take ka ba ta girman faɗa mata da bakinka. Bayan yara sun kwanta ka zauna ka ba ta labarin tun daga Kwantagora, ka nemi gafararta a kan ɓoyewar. Sannan ku warware matsayin kuɗin. In rance ta ba ka, bashi ne cikakke a kanka. In kuwa ta ba ka ne ka juya ku raba riba, wannan ƙiradi ne, kuma hukuncinsa asarar da ba sakacin mai juyawa ya jawo ba tana hawa kan jari. Ku tambayi malamin da kuka yarda da shi. Amma ko hukunci ya sauke maka, ni shawarata ka ƙudurta mayar mata da sa, ko ɗan maraƙi ne ka fara da shi in Allah ya buɗa. Kada kuma ka yarda ta ji labarin nan a bakin matan unguwa.

Kalmar sakaci da na ambata tana buƙatar ka zauna da kanka. Wani ya tambayi Annabi ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, ya ce masa ɗaure ta sannan ka dogara. Ka zuba duk abin da ka mallaka da na mutane a mota ɗaya, a tsakiyar damina, a doguwar hanya irin ta Yawuri zuwa Mokwa. Ka san motar kafin ka yi lodi, ko araha ka bi? Ba don ka zauna kana da-na-sani nake tambaya ba, wannan ƙofar Shaiɗan ce. Don tafiya ta gaba nake yi: ka haɗa lodi da 'yan'uwanka a raba kaya a motoci biyu, ka tabbatar albasar ta bushe sosai kafin ta shiga buhu, ka riƙe wani abu a gida da ba zai hau mota ba. Maganar kuɗin motar da ka biya kuma, ka kai ta gaban shugabannin kasuwa da na direbobi cikin lalama, wataƙila a mayar maka da wani kaso.

Rashin barcin nan kada ka raina shi. Ka je a auna jininka. Ina sa ran da zarar ka sauke maganar Alhaji da ta maiɗakinka zai ragu, domin ɓoyon ne ya fi asarar cin rai. In ya wuce haka, ka daina jin daɗin abinci, ko tunanin cutar da kanka ya fara zo maka, ka faɗa wa wani na kusa da kai a ranar, ku ga likita. Ga asibitin koyarwa a cikin gari, ga na ƙwaƙwalwa a Kware. Zuwa can bai rage wa kowa imani ba.

Idan ka dawo daga Goronyo ka kunna wayarka ka kira matar nan. Ka fara da godiya kafin zancen ciniki, Annabi ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Ka gaya mata gaskiyar dalilin shirunka, za ta fahimta, ta gan ka a ranar da ta fi wannan muni.

Mai shayin nan kuma yana raina tun da na karanta wasiƙarka. Kwana shida yana ciyar da baƙo daga cinikin da wataƙila da ƙyar yake ciyar da gidansa. Ranar da za ka sake bin hanyar, tun daga tasha ka gaya wa direba akwai inda za ku tsaya kafin Mokwa. Ka riƙe masa rabin buhun albasa mai kyau da ƙullin kilishi. Zai ce ba don haka ya yi ba. Ka ce ka sani, ka aje masa a bakin rumfa, ka zauna kan bencin nan ka sha shayi, wannan karon ka biya. In ka dawo ka rubuto mini yadda kuka yi da Alhaji.